Lahadi zuwa Alhamis: shin kwana huɗu na isar jikin ɗan wasan NFL?

Wani ɗan'uwa mai bibiyar ƙwallon Amurka, wato gasar NFL, ya aiko da tambaya. Ya ce yana ganin kulob ya buga wasa ranar Lahadi, sai ga shi kuma a fili daren Alhamis. 'Yan wasa suna ƙorafin cewa ana gallaza wa jikinsu, hukumar gasar kuma tana cewa alƙalumanta ba su nuna an fi jin ciwo ranar Alhamis ba. Ya ce, "To wa ke da gaskiya? Kuma in abin yana cutarwa, me ya hana a mai da wasan Juma'a ko Asabar?"

Malam, sannu da ƙoƙari, don mai kallon wannan wasa daga Kano ko Damagaram sai ya sadaukar da barcinsa. Ana take wasan ƙarfe 8:15 na dare agogon New York, wato 1:15 na dare a nan, in Amurkawa suka mai da agogonsu baya a watan Nuwamba kuma ya koma 2:15. A matsayina na mai aikin kula da jikin 'yan wasa, ga abin da na tsaya a kai: alƙaluman hukumar gaskiya ne, amma abin da suke ƙirgawa daban, inda cutarwar take daban. Lafiyayyen ɗan wasa zai iya ɗaukar gajeren mako. Wanda ya fito daga wasan Lahadi da ciwo a jikinsa shi ne ke biyan kuɗin wasan Alhamis, kuma shi ne alƙaluman ba sa gani sosai.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ta fi sauƙin amsawa. Ruwa ba ya tsami banza. A 1961 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ba gasar damar haɗa wasannin dukkan kulob-kulob ɗinta ta sayar wa gidajen talabijin a dunƙule, abin da dokar hana babakere a kasuwa za ta iya haramtawa. Sai dai an gindaya sharaɗi, aka kuma faɗaɗa shi a 1966. Kariyar ba ta aiki in aka nuna wasan ƙwararru daren Juma'a daga ƙarfe 6 ko ranar Asabar, tun daga Juma'a ta biyu ta Satumba har zuwa Asabar ta biyu ta Disamba, a tashar da ke cikin mil 75 daga inda ake wasan makarantar sakandare ko na jami'a. A Amurka daren Juma'a na 'yan sakandare ne, Asabar ta jami'o'i ce, kuma da wuya ka sami babban gari da ba a irin waɗannan wasanni a kewayensa. Lahadi dama ta NFL ce. Daren Litinin ta kama shi tun 1970 a tashar ABC, kafin ya koma ESPN a 2006. Talata da Laraba sun yi kusa da Lahadin da ta wuce ƙwarai. Saura Alhamis.

Za ka gane ƙarfin wannan doka in ka dubi yadda hukumar ke bin gefenta. Wasan da Philadelphia Eagles da Green Bay Packers suka yi a São Paulo na Brazil an buga shi daren Juma'a, 6 ga Satumba 2024, saboda ita ce Juma'a ta farko a watan, dokar ba ta fara aiki ba. Wasan Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurkawa (Thanksgiving, da ake yi ranar Alhamis a ƙarshen Nuwamba), wanda aka fara a 2023 tsakanin Miami Dolphins da New York Jets, an sa shi ƙarfe 3 na rana, don a kauce wa ƙarfe 6.

Wasan Alhamis shi kansa tsoho ne, amma da can galibi abin sau ɗaya ne a shekara. Detroit Lions suna karɓar baƙi ranar bikin godiya tun 1934, Dallas Cowboys tun 1966. A 2006 ne tashar hukumar, NFL Network, ta fara jerin wasannin daren Alhamis a ƙarshen kaka. A 2012 aka faɗaɗa shi ya mamaye kusan duk kakar. Ya bi ta hannun CBS da NBC da Fox, daga 2022 kuma ya zama na Amazon, wanda ke biyan kusan dala biliyan ɗaya a shekara. A 2023 masu kulob-kulob suka ƙara abu biyu. Suka yarda kulob ɗaya ya yi gajeren mako irin wannan har sau biyu a kaka, alhali da sau ɗaya ne. Suka kuma amince, da ƙuri'a 24 a kan 8, cewa a makonnin ƙarshe za a iya ciro wasa daga Lahadi a kawo shi Alhamis in an ba da sanarwar kwana 28. Kada mu manta kuma, 'yan wasa suna karɓar kusan kashi 48 cikin 100 na kuɗin shigar gasar a ƙarƙashin yarjejeniyar 2020. Kuɗin Alhamis yana shiga aljihunsu su ma, shi ya sa ƙungiyarsu take kuka amma ba ta taɓa tsayawa kai da fata a kan sai an soke wasan ba.

Yanzu mu zo ga jiki, inda gizo ke saƙar.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai iya raina wannan wasa, don lokacin da ƙwallo ke motsi a cikinsa bai wuce minti goma sha kaɗan ba, duk da ana shafe awa uku ana yi. Amma ka dubi abin da ke faruwa a cikin mintocin. 'Yan layin gaba, waɗanda da yawansu sun kai kilo 140, suna gwabza ƙirji da kafaɗa da kai da takwarorinsu sau 60 zuwa 70 a wasa ɗaya. Mai gudu da ƙwallo ana iya maka shi da ƙasa sau ashirin. Masu karɓar ƙwallo da masu tsaronsu suna tashi da gudu na ƙarshe, su taka birki, su juya nan take, kuma wannan taka birkin shi ya fi yaga zaruruwan tsoka. Ka ga ɓarna iri biyu ce ke haɗuwa a jiki ɗaya: ta gudu da ta duka.

Kowace ɓarna da lokacin gyaruwarta. Ruwan da jiki ya rasa ana mai da shi cikin yini. Sukarin da tsoka ke ajiyewa don aiki yana cika cikin kwana ɗaya zuwa biyu in an ci abinci yadda ya kamata, ko da yake tsokar da ta sha wuya tana jinkirin cika. Tsamin jiki kuwa ba ya kai ƙarshensa a daren wasa. Yana hawa ne a hankali, ya yi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ke cewa Talata ta fi Litinin wuya. In aka ɗebi jini a wannan tsakani za a ga sinadarin da tsoka ke zubarwa in ta yage ya yi sama, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya sauka. Ƙarfin tsalle da na gudu su ma sukan kai kusan kwana uku kafin su dawo daidai. Wannan duk ga wanda bai ji ciwo ba ke nan. Targaɗe a idon sawu, jini da ya taru a cinya, haƙarƙarin da ya bugu, gwiwar da ta tara ruwa, waɗannan lissafinsu na mako ne ko makonni. Jijiya da guringuntsi jini ba ya isa gare su sosai, don haka ba sa gaggawa, kuma ba wankan ƙanƙara ko tausa da zai sa su yi.

Sai mu yi lissafin awanni. Wasan ƙarfe 1 na ranar Lahadi yana ƙarewa wajen ƙarfe 4 da 'yan mintoci. Daga nan zuwa 8:15 na daren Alhamis awa 100 ne ko kusa da haka. A makon da aka saba, Lahadi zuwa Lahadi, awa 165 ne. Wato ana kiran ɗan wasa fili daidai lokacin da tsamin jikinsa ya fara sauka, kafin gyaran ya kammala.

A makon da aka saba, Litinin ranar jinya ce da kallon bidiyon wasan jiya, Talata hutu, Laraba da Alhamis atisaye mai nauyi, Juma'a mai sauƙi, Asabar bita da tafiya. A gajeren mako duk wannan yana rushewa. Ba hutun Talata. Yawancin kociyoyi ba sa barin a sa hular kwano da kayan kariya ko sau ɗaya, sai bita a tafe, a jera 'yan wasa kowa ya taka zuwa inda zai tsaya. Kulob ɗin da zai je baƙunta yana hawa jirgi Laraba. Har rahoton rauni da ƙa'idar gasar ta wajabta wa kulob ya fitar, na Litinin ɗin yakan zama kintace ne, a rubuta cewa da an yi atisaye da wane ya yi, wane bai yi ba. Likita da mai gashin ƙashi ba su ga ɗan wasan ya yi gudu na gaske ba, ba su ga ya juya a kan ƙafar da ke ciwo ba, amma dole ranar Laraba su ce e ko a'a. A ganina wannan matsin lokacin yanke hukunci ya fi gajiyar tsoka haɗari.

To me ya sa alƙaluma ba su nuna ba? Hukumar ta sha fitar da ƙididdigar da ke cewa yawan raunin da ake ji a wasannin Alhamis bai fi na sauran ranaku ba, kuma akwai masu bincike na waje da suka duba suka sami kusan haka. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Amma duk wanda ya taɓa aiki da irin waɗannan alƙaluma ya san inda suke yoyo.

Babban wurin shi ne tacewa. Wanda ya ji ciwo ranar Lahadi, wanda da an ba shi kwana bakwai zai buga, a gajeren mako sau da yawa ajiye shi ake yi. Saboda haka waɗanda ke fita fili daren Alhamis zaɓaɓɓu ne, an riga an cire masu rangwamen lafiya daga cikinsu. Kamar a ce shugaban tasha ya hana duk motar da ke da matsala tashi ranar kasuwa, sannan da yamma a ce ai ranar kasuwa mota ba ta lalacewa a hanya. Maganar gaskiya ce, amma motocin da suka kwana a tasha su ma asara ce. Ɗan wasan da ya rasa wasa saboda jadawali bai shiga ƙididdigar rauni ba, alhali a gasar da yawancin kwantiragi ba su da cikakken tabbacin biya, kuma matsakaicin zaman ɗan wasa a cikinta bai wuce shekara uku da ɗoriya ba, rasa wasa ɗaya yana iya ba wani damar ƙwace masa gurbi.

Bayan wannan akwai kwana goman da ke biyo baya. Wanda ya buga Alhamis galibi ba zai sake bugawa ba sai Lahadin sama. Ciwon da aka ji daren Alhamis yana iya lafawa kafin a fitar da rahoto na gaba ranar Laraba, don haka binciken da ya dogara da rahotannin da ake bugawa a bainar jama'a zai rasa shi. Sannan rashin atisaye mai nauyi a makon yana rage wata gajiyar, wannan kuma riba ce ta gaske da ya kamata a faɗa. Ga ƙarancin wasannin: kakar tana da wasanni 272, na gajeren mako ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma da irin wannan adadi bambanci ƙarami yana ɓacewa a cikin lissafi.

Abin da ƙididdigar ba ta da ma'auninsa gaba ɗaya shi ne ciwon da ake bugawa da shi. Gwiwar da aka zuƙe wa ruwa Talata aka buga da ita Alhamis ba sabon rauni ba ce, ba za a rubuta ta ba. Allurar kashe raɗaɗi irin su Toradol ta daɗe tana yawo a ɗakunan sauya kaya na wannan gasa, har tsofaffin 'yan wasa suka kai hukumar ƙara a 2014 kan yadda aka riƙa ba su magungunan kashe zafi don su koma fili. Maganin yana ɗauke zafin, amma ba ya ɗinke abin da ya yage, yana kuma ƙara haɗarin zubar jini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai shan duka a kai. Zafi shi ne ke gaya wa mutum ya sassauta. In aka kashe shi aka koma fili, lissafin yana zuwa ne bayan shekaru, lokacin da mutumin ya bar wasa yana fama da gwiwa da ƙugu, kuma ba mai iya cewa ga Alhamis ɗin da ta jawo.

Ƙwallon ƙafar Turai ta fi ba mu haske a nan, don can an daɗe ana buga wasa biyu a mako kuma an bi 'yan wasa da kyau. Wani bincike da Gregory Dupont da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, a kan 'yan wasa 32 na kulob ɗin Celtic na Glasgow cikin kaka biyu, ya gano cewa masu buga wasa biyu a mako gudunsu bai ragu ba, amma raunin da suke ji ya kai 25.6 a kowace awa 1000, alhali na masu wasa ɗaya a mako 4.1 ne. Kulob ɗaya ne, mutanen kuma kaɗan ne, don haka ba a ɗaukar wannan ninki shida a matsayin doka. Amma babban binciken da aka yi a kan manyan kulob-kulob na Turai tsawon kaka 11, wanda ya fito a 2013, shi ma ya nuna raunin tsoka ya fi yawa in hutun kwana huɗu ne ko ƙasa da haka, in aka kwatanta da kwana shida ko fiye. Darasin da na ɗauka shi ne ɗan wasa yana iya yin abin da ido zai ga daidai ne alhali jikinsa bai gama gyaruwa ba. Wasannin biyu ba ɗaya ba ne, na Turai gudu ya fi yawa, na Amurka karo ya fi yawa. Amma tsokar bayan cinya ɗaya ce a Glasgow da Seattle.

Misalai biyu sun fi kowanne nuna abin da nake nufi. Richard Sherman, mai tsaron baya na Seattle Seahawks, ya rubuta a ƙarshen 2016 cewa ya tsani wasan daren Alhamis, ya zargi hukumar da baki biyu, tana maganar lafiyar 'yan wasa tana kuma tura su fili bayan kwana huɗu. Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba 2017, a gidan Arizona Cardinals, jijiyar agararsa ta tsinke, wasansa na ƙarshe ke nan a Seattle. Shi da bakinsa ya ce jijiyar ta jima tana damunsa kafin ranar. Ba wanda zai rantse cewa da Lahadi aka buga ba za ta tsinke ba. Amma ga mutum mai ciwo a jijiya, wanda ya buga Lahadi, aka hana jijiyar kwana ukun da ta saba samu. Abokin wasansa Doug Baldwin ya ce bayan wasan kamata ya yi a haramta irin wannan jadawali.

Na biyu ya fi tayar da hankali. Ranar Lahadi 25 ga Satumba 2022, Tua Tagovailoa, mai jefa ƙwallo na Miami Dolphins, ya bugu da ƙeya a ƙasa a wasansu da Buffalo Bills. Ya tashi yana tangaɗi, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Aka duba shi aka ce ciwon baya ne, ya dawo ya ƙarasa wasan. Ranar Alhamis 29 ga wata a Cincinnati aka sake maka shi da ƙasa, yatsunsa suka ƙage a gaban fuskarsa, alamar ƙwaƙwalwa ta bugu, aka fitar da shi a gadon marasa lafiya. Ƙungiyar 'yan wasa ta sallami likitan waje da ya duba shi ranar Lahadi. Binciken haɗin gwiwa na hukumar da ƙungiyar 'yan wasa ya ce an bi ƙa'ida, amma sakamakon ba shi aka yi nufi da ƙa'idar ba. A watan Oktoba aka gyara ta: duk wanda aka ga yana tangaɗi ko ya kasa daidaita tafiyarsa bayan bugu, ya gama wasa a ranar.

Kuskuren farko a nan na Lahadi ne. Amma dubi abin da gajeren mako ya yi wa kuskuren. Alamun girgizar ƙwaƙwalwa wani lokaci ba sa bayyana nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, musamman in mutum ya motsa jiki da ƙarfi, sai ciwon kai ko jiri ya taso. Shi ya sa ƙa'idar dawowa wasa take da matakai biyar, ana ƙara nauyin aiki a hankali ana duba ko alamun za su dawo, kafin likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa ya sa hannu. A makon kwana bakwai, atisayen Laraba da na Alhamis dama ce ta biyu ta kama abin da ya kuɓuce ranar Lahadi. A gajeren mako babu wannan dama, gwajin farko mai ƙarfi shi ne wasan kansa. Ƙwaƙwalwar da ta bugu kuwa tana cikin rauni na kwanaki, kuma bugu na biyu a wannan tsakani ya fi na farko illa. Wannan ne ya fi damuna a duk maganar, ya fi targaɗe da tsamin jiki nesa ba kusa ba.

Wasan daren Litinin matsalarsa ƙarama ce in aka gwama. Wanda ya buga shi yana da kwana shida kafin Lahadi, kuma ba a haɗa wa kulob Litinin da Alhamis a mako ɗaya. Abin da yake ci shi ne barci. Ana tashi wasan bayan ƙarfe 11 na dare, baƙi su hau jirgi su isa gida da asuba, daren farko da jiki ya fi buƙatar barci ya tafi a kujerar jirgi. In aka haɗa da bambancin awa uku tsakanin gabashi da yammacin Amurka, agogon jiki yana rikicewa. Inda abin ke yin muni shi ne in aka jera su. New York Jets sun buɗe kakar 2024 da Litinin 9 ga Satumba a gidan San Francisco, Lahadi 15 a Tennessee, Alhamis 19 a gida. A ƙarshen kakar ta 2024, da Kirsimeti ta faɗo Laraba aka sayar wa Netflix wasanni biyu, Kansas City Chiefs da Pittsburgh Steelers da Baltimore Ravens da Houston Texans duk sun buga 15 da 21 da 25 ga Disamba, wasa uku cikin kwana 11, a lokacin da kowane jiki ya riga ya sha dukan wata uku da rabi. Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallo na Chiefs, ya ji ciwo a idon sawu a wasan farko, ya buga sauran biyun da shi.

Adalci ne in faɗa maka akwai 'yan wasan da ke son Alhamis. Makon ba shi da atisaye mai nauyi, bayan wasan kuma ana samun hutun ƙarshen mako tare da iyali, wanda suke kira ƙaramin hutu. Matashi ɗan shekara 23 wanda bai ji ciwo ba yana iya ganin ciniki ne mai kyau. Ɗan layin gaba mai shekara 32 wanda sai Alhamis yake fara jin ƙafafunsa nasa ne, shi ba haka yake gani ba. Sai dai hutun da ke zuwa bayan an riga an buga wasa da ciwo ba ya goge abin da aka yi wa jijiyar a daren.

Gyaran a fili yake, kuma ba sai an soke wasan ba. Kowane kulob yana da makon hutu ɗaya a kakar wasanni 17 cikin mako 18. In aka sa makon hutun kafin wasan Alhamis, kulob zai buga Lahadi, ya tsallake Lahadi mai zuwa, ya buga Alhamis bayan kwana 11, sannan ya sami kwana 10 kafin wasa na gaba. Gajeren mako ya kau ke nan. Hukumar ta riga ta san irin wannan dabara, don wasan buɗe kaka na Alhamis ba mai gajeren hutu a cikinsa, kuma takan haɗa kulob biyu da suka buga ranar bikin godiya su sake bugawa Alhamis mai zuwa da cikakken mako. Cikas ɗin shi ne makonnin hutu a tsakiyar kaka kawai ake rarraba su, wasan Alhamis kuwa daga farko ne har kusan ƙarshe, kuma 'yan wasa ba sa son a gutsure musu hutunsu ɗaya tilo da shirin wasa. Maganin duka biyun shi ne hutu na biyu. An taɓa yi, a kakar 1993 kowane kulob ya sami makon hutu biyu.

Kafin a kai can akwai abubuwan da masu tsara jadawali za su iya yi gobe. A daina tura kulob daga wannan gaɓar teku zuwa waccan a gajeren mako. A koma sau ɗaya a kaka. A daina ciro wasa daga Lahadi ana kawo shi Alhamis a watan Disamba, lokacin da jiki ya fi gajiya. Abin da zan fi dagewa a kai kuma shi ne, duk wanda ya nuna alamar bugun kai ranar Lahadi, ko da an ce ya ci gwaji, kada ya buga Alhamis, kuma kulob ya biya shi duk wani alawus na wasan kamar ya buga, don kada kuɗi su sa shi ɓoye ciwon kai.

Shugaban hukumar, Roger Goodell, ya sha faɗa a fili cewa yana son kakar ta koma wasanni 18. Ba zai samu ba sai da yardar ƙungiyar 'yan wasa, don yarjejeniyar da ke tsakaninsu tana aiki har ƙarshen kakar 2030 kuma ta tsaida adadin a 17. A teburin wannan ciniki ne za a iya samun hutu na biyu, kuma in ƙungiyar ta karɓe shi ba tare da an rubuta cewa dole a liƙa shi kafin wasan Alhamis ba, gajeren makon zai ci gaba yadda yake, da ƙarin wasa ɗaya a kansa.